Kafin Bigila, Sai Ka Bi Ta Zariya

Ɗana, ka tambaye ni ko busar da ka koya a wurina ta isa a ɗauke ka badujalar soja ba tare da ka sha wuyar kurata ba. A'a. Babu wanda ake miƙa wa bigila daga bakin ƙofa. Fom ɗin da kowa ke cikewa a intanet shi za ka cike, kuma kyauta ne, kada ka ba kowa ko sisi. In an ɗauke ka, sai Depo na Zariya, wata shida kana kurtu: aski ƙwal, gudu tun da asuba, kwance bindiga da haɗa ta. Sai an yaye ku, in Allah ya sa aka tura ka sashen kiɗa, sannan za ka ga makarantar kiɗa ta soja da ke Ojo, a Legas.

Can ne faɗan da nake yi maka zai yi rana. Kunnenka na da kyau, sau ɗaya ka ji kiɗa ka kama shi. Su kuwa rubutun kiɗa za su ɗora maka a gaba su ce busa. Shi ya sa nake hana ka ture takardar nan.

Busa a zaune daban, busa a fareti daban. Taki wajen 120 ne a minti ɗaya, babbar ganga na faɗuwa tare da ƙafar hagu, idonka na kan sandar jagora, ga rana, ga numfashi na neman ƙwacewa. In ka yi sauri kaɗan, sahun mutum ɗari ka ɓata.

Ita bigila ba ta da abin dannawa. Sautinta biyar duk daga leɓe suke fita. Ranar 15 ga Janairu, ta tunawa da 'yan mazan jiya, a tsakiyar hunturu take. Na taɓa busar ban kwana da mamata leɓena a tsage, bakin bigilar sanyi ƙalau, ina ɗanɗanar jini, ga matan da suka rasa mazajensu zaune suna saurare. Sautin farko ya so ya karye mini. Har yau ina jin abin a raina.

Don haka ka riƙa shafa man kaɗanya da dare. Gobe bayan sallar asuba ka zo da takalmin gudu. Za mu zagaya fili sau uku, sannan ka ja mini dogon sauti ɗaya, kana haki, har ya daina rawa.