Ɗakin baje kolin zane: kuɗin da ke aljihunka na wa ne?

Wani ɗan kasuwa daga Kaduna ya rubuto yana cewa: "Shekara biyu ke nan da na buɗe ɗakin baje kolin zane-zanen zamani. Matasan da suka karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna kawo mini ayyukansu, in na sayar mu raba. Na yi baje koli sau huɗu, jama'a sun cika, amma yanzu masu zane uku suna bina kuɗi, ɗaya ma ya ce zanensa biyu sun ɓace. Na ji yadda zanen Ben Enwonwu ya yi tsada a Landan. Shin in ci bashin banki in yi babban baje koli a Abuja domin in farfaɗo?"

Alhaji, kada ka ci wannan bashi. A duk tsawon wasiƙarka ba ka ambaci takarda ko ɗaya da ke tsakaninka da masu zanen nan ba, kuma a nan ciwon yake. Kai dillali ne, la'ada kawai ce taka. Idan ka sayar da zane a kan naira dubu 600, kuma kun yi da mai shi cewa kashi 40 cikin ɗari naka ne, to naira dubu 240 ce ta shiga kasuwancinka, sauran dubu 360 ɗin amana ce da ya kamata ta isa hannun mai ita kafin mako ya zagayo. Ina kyautata zaton da ita ka biya hayar ɗaki, ka sayi man janareta, ka shayar da baƙi lemo ranar buɗewa, kana ganin riba kake ci alhali kuɗin mutane kake ci.

Na san wani da ya yi irin wannan sana'a a Abuja, mutum ne mai kirki da ba shi da niyyar cutar kowa, amma ya karɓi zane fiye da talatin da fatar baki, ya ba wani otal aron guda biyar su ƙawata zaurensu ba tare da rubuta komai ba. Da aka canja manajan otal ɗin, sabon ya ce shi ya tarar da su ne a bango, kayan otal ne. Dillalin ya biya masu zanen daga aljihunsa, amma labari ya riga ya bazu, domin masu zane a ƙasar nan sun san juna, kuma cikin shekara guda babu wani gwani da ya sake kawo masa aiki.

Saboda haka ka sayi littafi yau. Kowane zane da ya shigo a rubuta sunan mai shi, sunan zanen, girmansa, shekarar da aka yi shi da farashin da aka amince, a ɗauki hotonsa, ku biyu ku sa hannu. A fayyace wanda zai biya kuɗin firam da na sufuri, da ragin da aka yarje maka ka yi wa mai saye, da wanda zai ɗauki asara idan ruwa ko gara suka ɓata aikin. Kason masu zane kuwa a buɗe masa asusu dabam wanda hannunka ba ya shiga.

Batun Landan kuma ka cire shi daga ranka. Gaskiya ne an sayar da wani zane mai suna Tutu, na fitaccen mai zanen Najeriya Ben Enwonwu, a gidan gwanjo na Bonhams a 2018 a kan kimanin fam miliyan 1.2, amma Enwonwu ya zana shi tun 1974, kuma ya rasu a 1994 bayan ya shafe rayuwarsa yana gina suna. Masu sayen irin wannan aiki suna fara tambayar tarihin hannayen da ya bi ne, wato ainihin rubutun da kai ba ka yi. Haka kuma masu shirya manyan kasuwannin zane irin ART X Lagos, wadda Tokini Peterside ta kafa a 2016, suna duba wanda za su ba rumfa.

Ka kira mutanen nan uku, ka gaya musu gaskiyar abin da ya faru, ku rubuta abin da kowa yake binka da ranar biya. Zanen nan biyu da suka ɓace kai za ka biya su. Baje koli na gaba ka yi shi ƙarami a ɗakinka na Kaduna, da mai zane ɗaya da aiki kamar goma sha biyu, bayan ka gama biyan bashin.