Tambayoyinku: Ya za mu yi masu kuɗi su shigo garinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka da shawara. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu a nan ƙasar Taura, gari kullum ƙara mutuwa yake, da an gama girbi samari duk sun watse ci-rani Legas da Abuja sai tsofaffi da mata, alhali riɗi da zoɓo muke nomawa ba kaɗan ba. Takardu mun rubuta har mun gaji. Ya za mu yi mu jawo masu zuba jari su kafa mana ko da kamfani ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam malam sakatare, Allah ya saka da wannan kishi. Amma gaskiya takarda ba ta kawo ɗan kasuwa, shi lissafi yake yi, buhu nawa zan samu, a wane wata, tirela za ta shiga da damina ko maƙalewa za ta yi, filin da za a ba ni babu rigimar gado a kansa?

Ka duba Kadawa a Kano. Ga ruwan dam ɗin Tiga, ga manoman tumatir birjik, Dangote ya buɗe kamfanin sarrafa tumatir a 2016 amma an sha rufe shi saboda rashin isasshen tumatir, tsutsa ta cinye gonaki, sannan in farashi ya hau a kasuwa manomi can yake kai kayansa, kuma wallahi ban ga laifinsa ba, kowa da iyalin da yake ciyarwa. To in mai kuɗi kamar wannan ya sha wuya saboda kaya ba sa zuwa a kan kari, ina ga ƙaramin ɗan kasuwa?

Don haka ku fara da abin da ke hannunku. Riɗinku yanzu dillalai ke binku gida-gida suna saya a kwano, su kai Gujungu ko Maigatari ko Dawanau, ribar tana can. Ku haɗa kai ku yi rajistar ƙungiyar manoma, ku kama sito ɗaya, a tankaɗe a fitar da ƙasa da tsakuwa, a auna a sikeli, a rubuta komai a littafi. Kaka biyu ko uku kuna haka, wannan littafin shi za ku ɗauka ku je ofishin InvestJigawa, hukumar jawo masu zuba jari ta jihar Jigawa, a Dutse, ba wasiƙar koke ba. Kuma kafin ku nemi ɗan Chana ko Balabanise ku tuntuɓi 'ya'yan garin da ke kasuwannin Kwari da Singa a Kano, injin gyaran riɗi ɗaya da sola bai fi ƙarfin mutum uku ba in akwai amana.

Maganar fili kuwa a yi hattara. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, in gwamnati ta karɓi gona diyyar amfanin da ke kai da abin da aka gina ake biya. Kar ku sa hannu a komai sai dagaci da hakimi da lauya suna zaune, in da hali a ba da haya ta shekaru maimakon sayarwa, a rubuta yaran gari nawa za a ɗauka aiki.