Amsa ga ƙanena ɗan Tudun Wada mai son karatun ƙyamar juna a Ingila

Salam ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama soshiyoloji a ABU, kana son zuwa nan Ingila ka yi mastas a saikoloji, ɓangaren da ke duba abin da ke sa mutum ya tsani wani tun bai san shi ba don ƙabilarsa ko addininsa, kuma kana tambaya ko abin ya kai a sha wahalarsa. Wallahi ya kai, amma ka taho da tambayarka daga gida.

Da farko dai kwas ɗin nan lissafi ya yi masa yawa, wasu na zuwa da tunanin za a zauna a yi ta muhawara kan wariya sai su tarar da ƙididdiga da manhajojin lissafi na kwamfuta irin su SPSS da R da yadda ake tsara gwaji, toh tun kana gida ka samu wani a Samaru ya zaunar da kai kan wannan.

Za a fara maka da masanin saikoloji Gordon Allport wanda a 1954 ya ce cuɗanya na rage ƙyama, amma sai in ɓangarorin biyu matsayinsu ɗaya, burinsu ɗaya, suna aiki tare, kuma hukuma ta goya baya. Sai Henri Tajfel a Bristol farkon shekarun 1970, ya raba yara 'yan makaranta gida biyu kan abin da bai taka kara ya karya ba, wai zanen wane ka fi so, duk da haka da aka ba su rabon kuɗi kowa nasa ya fifita.

Amma binciken da nake so ka nema ka karanta tun yanzu a Kaduna aka yi shi, nan kusa da kai. Alexandra Scacco da Shana Warren suka fitar a 2018, sun haɗa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta na sati 16, wasu a gauraye wasu kowa da 'yan addininsa. Da aka gama ra'ayinsu kan juna bai wani canza ba, amma wajen rabon kuɗi 'yan ajin gauraye ba su nuna bambanci kamar 'yan ajin addini ɗaya ba, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda aka ware su kaɗai ɗin bambancin nasu ƙaruwa ya yi. Ka tuna yadda Kaduna ta rabu bayan rikicin 2000, kowa ya koma tsallaken kogin da 'yan uwansa suke, kaga wannan sakamakon ba ƙaramin abu ba ne gare mu.

Yanzu dubi Zariya. A kasuwar Sabon Gari Bahaushe da Ibo da Bayarabe kullum suna ciniki, har bashi suna ba juna, amma da yamma kowa unguwarsu, in abu ya taso kuma zargi ya dawo sabo. Me ya sa? Wusasa fa, inda Hausawa Kiristoci suke, da yare ɗaya addini biyu? Da maganar ɗan ƙasa da baƙo wajen takardar ƙaramar hukuma, wadda ke rusa sharaɗin matsayi ɗaya tun daga tushe? A nan yawancin misalan aji na baƙi da farare ne ko 'yan ci-rani, malamai ƙalilan ne suka san irin namu, don haka kan ɗaya daga cikin waɗannan za ka gina takardar neman gurbinka.

Batun kuɗi kuma, kar ka bari Baba ya sayar da gona. Nemi tallafin karatu na Commonwealth ko Chevening, ita Chevening sai ka yi aiki na shekara 2. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a sati lokacin karatu, ba zai biya maka makaranta ba, kuma tun Janairun 2024 mai mastas ta aji, wato wadda ba ta bincike zalla ba, ba ya tahowa da iyali, in akwai maganar aure ku zauna da su Hajiya tukuna. Turo mini shafi ɗaya na tambayar da ka zaɓa in duba maka, ka gaida su Baba.