Naira 720,720 za ta rabu tsakanin mutum 13?

Malam, kuɗin riɗin da ƙungiyarku ta sayar a kasuwar Maigatari za su rabu daidai. Kowa zai tashi da naira 55,440, babu ragowa.

Ga dalili: duk lamba mai alƙaluma uku da aka rubuta sau biyu a jere, kamar 720,720, an ninka ta ne da 1,001, shi kuwa 1,001 ai 7 × 11 × 13 ne.

Lambar taku ma ta musamman ce. Ita ce mafi ƙanƙanta da ke rabuwa da kowace lamba daga 1 har 16, kuma lambobi 240 ne ke raba ta cif. Da ku 17 ne fa, da naira 5 ta rage, ma'aji ya sha tambayoyi.