Na'urarka ba ta ganin gajimare, lissafi take yi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Yayana ya aiko min da ƙaramar na'urar auna yanayi, na kafa ta a gidanmu a Samaru, na haɗa ta da kwamfuta. Ran nan sama tas, ko ɗigon gajimare babu, amma manhajar ta rubuta wai gajimare na nisan mita 3,500 daga ƙasa. Ta lalace ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Ba ta da idon da za ta kalli sama. Don wannan lissafin, abu biyu kawai take aunawa, zafin iska da laimar da ke cikinta. Daga su manhajar ke gano matakin sanyin da idan iskar ta kai shi laimar za ta koma raɓa.

Iskar da rana ta dumama a ƙasa tashi take yi, tana tashi tana sanyi, kusan digiri 10 na ma'aunin Celsius a kowace kilomita. Matakin raɓa ma yana sauka, amma da kusan digiri 2 kacal. Ke nan tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da digiri 8 a kilomita, wato digiri ɗaya a duk mita 125. Inda suka haɗu, nan gindin gajimare ke fara bayyana. Shi ya sa manhajar ke cire matakin raɓa daga zafin iska, ta ninka da 125.

A ce a watan Agusta zafi 27, raɓa 22: biyar sau 125, mita 625. Da hunturu kuwa, lokacin da leɓe ke tsagewa, a ce zafi 30, raɓa 2: mita 3,500, lambarka ke nan. Abin da take nufi shi ne da iskar tsakar gidanka za ta tashi, sai can za ta zama gajimare. Ba ta ce ya haɗu ba. Hazon hunturu kuwa ƙura ce, ba ruwan na'urarka da shi.

Lissafin ya fi dacewa da gajimaren nan masu kama da tulin auduga da ke taruwa da rana a damina. Na can ƙololuwa da iska ta koro daga nesa, ba ya kama su. A filayen jiragen sama akwai na'ura ta daban mai harba hasken leza sama, ta auna lokacin dawowarsa.

Ka duba saitin manhajarka. Wasu, irin su WeeWX, suna ƙara tsayin garinku daga teku, kuma Zariya ta haura mita 600. Sannan in a kan rufin kwano ka ɗora na'urar, sauke ta. Zafin kwano na ƙarin digiri huɗu kaɗai zai ɗaga maka gajimaren da mita 500. Ka nema mata fili mai shan iska, nesa da bango, kamar mita biyu daga ƙasa.