Na sari kaya da tsada, kasuwa ta karye: in riƙe ko in sallama?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sari yana sayarwa ɗai-ɗai. Ga ta a taƙaice: "Na zuba mafi yawan jarina a kaya lokacin da suke tsada. Ban sayar da rabi ba sai ga sababbin kaya sun cika kasuwa, farashi ya sauko ƙasa da yadda na saro. Ga hayar shago, ga albashin yaro, ga kuma sabon haraji da aka sa wa irin kayanmu. Wasu abokan sana'a suna cewa mu haɗa baki kada kowa ya sayar ƙasa da wani farashi, wasu suna cewa gwamnati ce ya kamata ta tsayar da shi. In riƙe kayan har uwar kuɗina ta fito, ko in sallama? In ɗora harajin a kan mai saye? Ko dai in rufe shagon in huta?"

Alhaji, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Zan fara da maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Mai saye bai san nawa ka saro ba, kuma ko ya sani ba ruwansa. Abu biyu yake dubawa: amfanin da kayan za su yi masa, da nawa maƙwabcinka zai sallama masa. Kuɗin sari ya bar aljihunka tun ranar da ka biya, kuma riƙe kayan ba ya dawo da shi. Asarar ta same ka ne ranar da kasuwa ta karye. Ranar sayarwa, rubuta ta kawai za ka yi a littafi.

An daɗe ana gardama a kan abin da ke yanke farashi, ko kuɗin da aka kashe wajen samar da kaya ne, ko kuwa son da mutane ke yi musu. Alfred Marshall, malamin tattalin arziki a jami'ar Kambirij ta Ingila, ya raba gardamar a 1890 da misalin almakashi: ba a tambayar wane baki ne ke yanka takarda, na sama ko na ƙasa. Baki ɗaya shi ne yawan kayan da aka kawo kasuwa, ɗayan kuma yawan masu nema da kuɗi a hannu. A kasuwarku bakin kaya ne ya motsa. Tsadar nan da ta ja ka ka sara ita ce ta ja wasu, kowa ya hango riba, kaya suka iso lokaci guda. Gaskiya ne idan tafiya ta yi nisa kuɗin samar da kaya yana ja da farashi, domin waɗanda ba sa fitar da uwar kuɗi za su janye, kaya su ragu, farashi ya ɗaga. Amma wannan abu ne na watanni, wani lokaci shekaru, kai kuma haya ba ta jiranka.

Bari mu yi lissafi da lambobi na misali. A ce kowane kwali ya tsaya maka a 100. Yau ana sayar da shi 85, masu sari kuma suna ba da sabo a 75. Idan ka sallama a 85 ka koma ka saro a 75, kana da ribar 10 a kowane juyi. Idan kayanka suna juyawa sau ɗaya a wata, cikin wata uku ka tara 30 a kan kowane kwali, ka cike giɓin 15 ɗin nan har da rara. Idan kuwa ka kulle sito kana jira, kuma Allah ya sa bayan wata ukun farashi ya koma 100, abin da jiran ya ƙara maka 15 ne, kafin a cire kuɗin ajiya da abin da ya lalace ko ya tsufa. Ban ma sa kwastomomin da suka zo suka ji ka ce albarka, suka saba da shagon gaba ba. Jarin da ke kwance yana cin kuɗi ko da ba bashi ba ne, domin ribar da zai iya kawowa a wani wuri ita ce kuɗin kwanciyarsa. Wannan kuɗin ba ya zuwa da rasit, shi ya sa 'yan kasuwa da yawa ba sa ganinsa.

Ba na cewa riƙe kaya kullum kuskure ne. Ga gwajin da nake ba mutane: ka ɗauka kuɗi ne a hannunka yau, ba kaya ba. Za ka sayi waɗannan kayan a 85 ka ajiye? Idan za ka saya, saboda ka san dalilin da zai ɗaga farashin da lokacinsa, kuma kayan ba masu lalacewa ba ne, to riƙe. Idan ba za ka saya ba, to riƙon da kake yi saye ne, sai dai zuciya ba ta kira shi haka.

Wannan ƙa'ida tana aiki ta ɗayan ɓangaren ma, kuma nan ne ake zagin 'yan kasuwa. Ranar da ka saro a 100 sari ya koma 130, idan ka sayar a 115 kana murnar ribar 15, ka je sari za ka tarar kuɗinka ba ya sayen kwalin da ka sayar. Littafi ya nuna riba, sito kuma yana raguwa. Farashin da za ka maye gurbin kayan da shi, shi ne mudunka, ko an hau ko an sauka.

Sai maganar haraji. Doka tana faɗin wanda zai kai kuɗin ofis, amma ba ita ke faɗin wanda zai ji zafinsa ba. Wannan kasuwa ce ke rabawa, kuma nauyin yana sauka ne a kan wanda ba shi da wurin gudu. Idan kayanka na dole ne, ba su da madadi, mai saye zai yi ƙorafi ya biya, kamar yadda harajin taba a ƙasashe da yawa yake fita daga aljihun mai sha. Idan kuwa yana iya haƙura ko ya koma wani abu makamancinsa, kai ne za ka haɗiye mafi yawa. A 1990 majalisar Amurka ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da ya haura dala 100,000 na kuɗin jiragen ruwan shaƙatawa, da nufin tatsar masu hannu da shuni. Masu kuɗin suka fasa saye, suka kai kuɗinsu wani wuri. Masu ƙera jiragen da ma'aikatansu, waɗanda ba su da wata sana'ar da za su koma cikin dare ɗaya, su suka sha wuya. A 1993 aka soke harajin a kan jiragen.

Saboda haka kada ka ɗora harajin gaba ɗaya rana guda. Abu ɗaya yana taimakonka: harajin ya shafi kowa a layinku, don haka wani kaso zai hau farashi ko ba ka yi komai ba. Abin da ya rage sai gwaji. Ka ƙara kaɗan a kan nau'i ɗaya, ka ƙirga abin da ya fita a mako biyu, ka kwatanta da na baya. Kuma ka san lissafin kafin ka taɓa farashi ko ta wane ɓangare. Kayan da suka tsaya maka a 80 kana sayarwa 100, ribarka 20 ce. Ka rage zuwa 90, ribar ta koma 10, sai cinikinka ya ninka biyu kafin ka dawo inda kake. Ka ƙara zuwa 110, ribar ta zama 30, ko kashi ɗaya cikin uku na cinikin ya tafi ba ka yi baya ba. Rangwamen kashi 10 da ake gani ƙarami, rabin riba ne. Ka lura wannan bai saɓa wa maganar farko ba: can kayan da suka yi kwantai ake ceto, nan kuma farashin yau da gobe ake tsarawa.

Haɗa baki da abokan sana'a kuwa, ban ba ka shawara ba. A ƙasashe da yawa doka ta hana, Amurka ma tun dokar Sherman ta 1890. Ko doka ba ta hana ba, abin ba ya ɗorewa. Da zarar an yi alkawarin kada a sauka daga 100, wanda ya fi kowa cin riba shi ne wanda ya sallama a 95 a ɓoye, kuma kowa a cikinku ya san haka. Mai bashi a wuya shi zai fara. Ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu fitar da man fetur, da gwamnatoci da ministoci da taruka a birnin Biyana, ta sha fama da mambobin da ke haƙo fiye da kasonsu, kuma a 1986 farashin mai ya faɗi da fiye da rabi. Mai riƙon amana a irin wannan yarjejeniya shi ake bari da kaya a sito.

Gwamnati ta tsayar da farashi, sai a tambaya: ta wane ɓangare? Ku masu sayarwa kuna so ta hana shi sauka, masu saye suna so ta hana shi hawa, kuma duka biyun an gwada. Turai ta gwada na farkon. Daga shekarun 1960 tarayyarsu ta lamunce wa manoma farashi sama da na kasuwa, manoma suka ƙara samarwa, masu saye ba su ƙaru ba, hukuma ta riƙa saye tana jibgewa har ake kiran rarar duwatsun man shanu. A 1984 dole aka ƙayyade wa kowa yawan madarar da zai samar. Idan gwamnati ba za ta sayi rararku ba, farashin da ta rubuta zai zauna a takarda, ciniki na gaskiya kuma ya koma bayan shago.

Na biyun, wato hana farashi hawa, ya fi tsufa. A shekara ta 301 sarkin Rum Diyokilishiyan ya kafa iyakar farashi a kan kaya da ayyuka sama da dubu, da hukuncin kisa ga wanda ya ƙetare, amma dokar ba ta hana tsada ba, ta mutu a tsaye. Faransa ta kafa irinta a 1793, kaya suka ɓuya, aka soke ta a ƙarshen 1794. Shugaba Nixon na Amurka ya daskarar da farashi da albashi na kwana 90 a watan Agustan 1971, ragowar takunkumin farashin a kan man fetur kuma yana cikin abin da ya tsawaita layukan gidajen mai a 1973 da 1974. Dalilin iri ɗaya ne a ko'ina. A farashin da aka danne masu nema suna ƙaruwa, masu kawowa suna raguwa, giɓin kuma sai an biya shi, ko da tsayuwa a layi, ko da sanayya, ko da algus, ko a kasuwar bayan fage. A hadisi ma ya zo cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka nemi Annabi (SAW) ya yanke farashi bai yanke ba, alhali ya hana ɓoye kaya don a ƙuntata wa jama'a. Tafsilin wannan na malamai ne, amma bambancin da ke ciki ɗan kasuwa zai gane shi.

Kada ka fahimce ni da cewa hukuma ba ta da aiki a kasuwa. Tana da shi, kuma babba: ta tsare awo da ma'auni, ta hukunta mai jabu, ta gyara hanya kuɗin dako ya sauka, ta karya wanda ya mamaye kasuwa shi kaɗai, kamar yadda kotun ƙolin Amurka ta raba kamfanin man fetur na Standard Oil gida 34 a 1911. Idan ƙungiyarku za ta je wurin hukuma, ta nemi a rage yawan haraji iri-iri a kan kaya guda, a kuma riƙa sanarwa da wuri kafin a sauya doka. Wannan zai fi muku amfani da farashin takarda.

Batun rufe shago shi ne na ƙarshe, kuma a nan sai ka raba kuɗaɗenka gida biyu. Akwai masu tafiya da ciniki: sari, dako, leda, la'adar dillali, harajin kowane kwali. Ba ka sayar ba, ba ka biya ba. Akwai kuma waɗanda suke kanka ko ka buɗe ko ka kulle, kamar hayar da ka riga ka biya ta shekara. Muddin abin da ke shigowa yana biyan na farkon har ya bar wani abu, buɗewa ta fi, domin abin da ya ragu yana rage maka zafin hayar. Shagon da ke barin 40 a wata alhali hayarsa 60 ce yana asarar 20. Ka kulle shi, asarar ta zama 60.

Lissafin yana sauyawa ranar da hayar ta ƙare, mai shago ya zo neman ta sabuwar shekara. Ranar babu sauran kuɗin da ya zama dole, komai zaɓi ne. Sai ka zauna da littafin wata shida na baya, ka cire sari da dako da haraji da haya da albashin yaro, sannan ka cire abu biyu da ba a cika rubutawa ba: abin da za a biya ka da kai ne ke tsare wa wani shago, da abin da jarinka zai kawo a sana'ar da ta fi kusa da hannunka. Idan bayan wannan akwai saura, ka sabunta hayar. Idan babu, ka nemi mai shago ya ba ka wata uku maimakon shekara, ka yi amfani da su ka karkaɗe sito.