Zuciya huɗu, ɗaya ce ke wahala

Ɗana, tambayarka ta isa a zauna a kanta. Ka ce kwamfutarka zuciya huɗu gare ta, wato sassa huɗu masu aiwatar da lissafi (core), amma da ka kunna furogiram ɗin lissafi da ka rubuta wa mai shagon nan na Kasuwar Dole, sai ka ga zuciya ɗaya ta cika maƙil, ukun suna zaune. Kana son sanin abin da ya hana kwamfaila ta raba musu aikin da kanta, tunda ita ce ke juya abin da ka rubuta da harshen furogiram na C ya koma harshen inji.

Kwamfaila ba ta aiki da zato. Alkawarin da ta ɗauka shi ne, ko yaya ta jujjuya rubutunka, amsar da za ta fito ita ce wadda rubutunka ya nufa. Inda ta iya tabbatar da haka, tana sa hannu ba tsoro. Inda shakka ta shiga, ko ƙanƙanuwa ce, sai ta bar shi yadda ka ajiye.

Dubi naka. A cikin zagayen (umarnin da ke maimaita kansa) da ke bin layukan littafin shagon, kowane layi kana sake lissafa harajin TVA, kana raba 19 da 100. In ka ba kwamfailarka gcc umarnin gyara na -O2, ba za ta bari inji ya yi wannan rabawar ko sau ɗaya ba, ita za ta yi tun lokacin fassara ta ajiye amsar. Farashi sau adadi da ka rubuta a wuri biyu, sau ɗaya za a lissafa. Wancan ma'aji da ka cika da lamba amma ba ka sake waiwayarsa ba, share shi za ta yi. Duk wannan tana iya gani da idonta, shi ya sa ta yi.

Ba daga sama wannan gani ya faɗo ba. Akwai wata baiwar Allah, Frances Allen, da ta tashi a gonar kiwon shanu a jihar New York ta Amurka. Malamar lissafi ce, ta shiga kamfanin IBM a 1957 don ta biya bashin karatu, ta zauna har shekara 45. Aikin farko da aka ba ta shi ne koya wa masu bincike harshen furogiram na FORTRAN, wanda a shekarar ya fito, kuma mutanen ba su yarda da shi ba, suna ganin babu injin da zai rubuta harshen inji da kyau kamar hannun gwani. A kan wannan gardama ta ƙare rayuwar aikinta. A 1966 ta rubuta takarda kan gyaran furogiram, a 1970 ta fito da wata kan yadda za a zana furogiram kamar taswira: ga gungun umarni, ga hanyoyin da ake bi daga wannan zuwa wancan. Da taswirar ne kwamfaila ke bin sawun kowace lamba, ta san inda aka haife ta, inda aka yi amfani da ita, da inda ta daina amfani. Ita da John Cocke suka tattara dabarun gyaran a farkon shekarun 1970, kuma yawancinsu suna cikin gcc ɗin da ke kwamfutarka yau. Daga baya ta jagoranci aikin PTRAN, wanda tambayarka ce sak: a ɗauki furogiram da aka rubuta don inji ɗaya, kwamfaila ta gano da kanta sassan da za su iya tafiya tare. A 2006 ta zama mace ta farko da aka ba lambar Turing, babbar lambar yabo ta kimiyyar kwamfuta. Ta rasu a 2020. Ina son ka riƙe sunanta, don duk mai cin abinci da wannan sana'a yana cin guminta.

To me ya sa har yanzu abin bai zama ruwan dare ba? Saboda dogaron wani aiki a kan wani. Ka ga magina a Birni: in ana buga tubali, mutum goma sun fi mutum ɗaya nesa ba kusa ba, don babu tubalin da ke jiran ɗan'uwansa. Amma in an zo ɗora bango, ko ka tara unguwa gaba ɗaya, sahu na biyu sai ya jira na farko. Furogiram ɗinka yana da iri biyun duka. Kuɗin kowane layi bai damu da layin da ya gabace shi ba, ana iya raba shi huɗu. Amma wurin da ka ce in bashin mutum ya kai iyaka a hana shi kaya, hukuncin yau ya rataya a kan ragowar jiya, ta jiya kuma a kan ta shekaranjiya. Wannan babu mai raba shi.

Ko a sashen da ke rabuwa ma, C yana ɗaure wa kwamfaila hannu. Ka miƙa wa aikin manuni biyu (masu nuna wurin da bayanai suke a memori), ɗaya na karantawa, ɗaya na rubutawa. Kai ka san jeri biyu ne daban. Ita ba ta sani ba, tana ganin mai yiwuwa wuri guda suke nunawa a memori, in ta sauya tsari ta rubuta a kan abin da ba a karanta ba tukuna. Dalilin da ya sa aka ƙara kalmar restrict a C na 1999 ke nan, don ka ba ta tabbaci da bakinka. Jimilla kuma da ka yi da lambobi masu waƙafi, in an sauya jerin tarawa amsar tana iya gocewa kaɗan a can ƙarshe, don haka ba za ta sauya ba sai da izininka. Ni dai ban ga dalilin riƙe kuɗin sefa da waƙafi ba. Sa su cikakkun lambobi, ka huta, mai shago ma ya huta.

In ka tabbata zagaye yana rabuwa, kai za ka faɗa. OpenMP, tsarin raba wa zukata aiki, yana nan tun 1997: layi ɗaya a saman zagayen, ka ƙara -fopenmp wurin fassara, zukata huɗun su tashi. Sai dai daga nan amanar ta dawo wuyanka, kwamfaila ta daina bincike, maganarka ta ɗauka. In zukata biyu suka ɗauki jimilla ɗaya a lokaci guda, kowace ta ƙara nata ta mayar, ƙarin ɗaya ya ɓace. Furogiram ba zai tsaya ba, ba zai yi kuka ba. Yau ya ba da jimilla daidai, gobe jaka biyu ta yi ɓatan dabo, a zo ana zargin yaron shago da abin da bai ɗauka ba. Wannan ne ke hana ni barci a aikin nan, ba jinkiri ba. Maganinsa kowace zuciya ta tara nata gefe guda, a haɗa a ƙarshe, kuma OpenMP yana da kalmar reduction don haka.

Kada kuma ka sa rai da ninki huɗu. Gene Amdahl ya yi wannan lissafin tun 1967. In kashi ɗaya cikin goma na aikin ba ya rabuwa, zuciya huɗu ninki uku da ɗan ɗori za su ba ka, kuma ko zuciya dubu ka tara ba za ka wuce ninki goma ba. In rabin aikin ne, huɗun ba za su kai ka ninki biyu ba. Ga zafin bazarar Damagaram: zukata huɗu suka ɗau wuta, inji da kansa zai rage gudu don kada ya ƙone, musamman in ƙura ta toshe fanka.

Na leƙa rubutun naka, kuma inda nake zargi daban ne. Kana buɗe fayil ɗin farashi a cikin zagaye, kowane layi ka buɗe, ka karanta daga farko, ka rufe. Kwamfaila ba za ta fitar maka da wannan waje ba, don ba ta da tabbacin cewa wani bai taɓa fayil ɗin ba tsakanin layi da layi. Karanta shi sau ɗaya kafin zagayen ya fara, ka ajiye a memori. Ka auna lokaci da umarnin time kafin gyara da bayan gyara, sannan ka auna da -O2 da kuma babu shi. Rubuta lambobin a takarda ka zo da su gobe da safe in Allah ya kai mu, a kansu za mu yanke ko akwai abin da ya saura da ya cancanci a raba.